Tawada, Karen Obadiya Kuku

Shekara ashirin da huɗu Obadiya ya yi yana dafa wa Turawan mishan abinci a Kafanchan, har aikin ya zame masa suna. Ya shiga gidan yana saurayi mai wanke tukwane, ya fito da furfura a gemu da ciwon gwiwa. Ya iya gasa burodi a murhun itace, ya iya goge riga da dutsen guga na gawayi ba tare da toka ta taɓa ta ba. Ta ƙarshe da ya yi wa aiki ita ce Mis Mildred, malamar lissafi a makarantar 'yan mata. A farkon 1973, da makarantar ta koma hannun gwamnati, ta haɗa akwatunanta za ta tafi gida.

Karyarta ta haihu wata biyu kafin nan. Irin karnukan nan ne da Turawa ke kira Labrador, masu faɗin kai da kunnuwa a kwance. An rarraba 'ya'yan, saura ɗaya, baƙi ƙirin, mai manyan tafukan ƙafa kamar aro ya yi. A tashar jirgin ƙasa Mis Mildred ta ɗora wa Obadiya shi a hannu, tare da takarda da ta rubuta da Hausarta ta mishan. Ta ce a ƙasarsu maharban agwagwa ne ke kiwon irinsa: mutum ya harbo tsuntsu, kare ya je ya ɗauko ya kawo masa har hannu, ba ko alamar haƙori. A takardar ta jera abin da zai ci da allurar da za a yi masa. A ƙasa ta ja layi biyu ƙarƙashin wannan: “Kada ka doke shi. Abin da ka yaba masa shi zai riƙa yi.”

Obadiya ya sa ɗan kwikwiyon a kwali, ya hau motar katako zuwa ƙauyensu a gefen Kagoma. A hanya ya raɗa masa suna Tawada.

Matarsa Afiniki ta riga shi komawa ƙauye da shekara biyar, tun ranar da waya ta zo daga barikin soja cewa ɗansu Rufus ya mutu a yaƙi. Shi kaɗai Allah ya ba su. Ba a kawo gawa ba. Da Obadiya ya iso gida, ta buɗe kwalin, ta dubi abin da ke ciki, ta dubi mijinta.

“Baban Rufus, shekara ashirin da huɗu a bakin wuta, da wannan aka sallame ka?”

“Ba irin namu ba ne, Maman Rufus. Yana da aiki.”

“Yana da ciki dai. Dubi yadda yake kallon tukunyata.”

A ƙauyen kare shi ke ciyar da kansa. Ya bi bayan gida, ya lashe turmi, ya kama gafiya in ya samu. Ba wanda ke taɓa shi da hannu sai da ƙafa. Saboda haka mutane suka riƙa tsayawa a bakin danga suna kallon Obadiya yana dama wa kare kunun acca da madara, sau huɗu a yini, a farin kwanon langa da ya zo da shi daga gidan mishan. Kowace safiya yakan kwantar da shi a cinya, ya bi kunnuwa da tsakanin yatsu yana cire kaska, yana jefa su a gwangwanin kananzir. Da damina ta kama, ƙuda suka zuba masa tsutsa a fata, Obadiya ya matse su ɗaya bayan ɗaya, kwikwiyon na kuka yana lasar hannun da ke matsar. Ya ɗauke shi a kwando har Kafanchan aka yi masa allurar haukan kare. A wannan daminar Tawada ya tauna takalmin sujadar Obadiya, ya ci rabin littafin waƙoƙin Afiniki, wanda take zuwa da shi zumuntar mata. Ta ɗauki muciya, Obadiya ya shiga tsakani ya nuna mata takarda.

“Baturiyar da ta rubuta, ita za ta yi mini waƙa ranar Lahadi?” in ji Afiniki. Amma ta ajiye muciyar. Bayan kwana kaɗan sai ga ta tana tsame kan busasshen kifi daga miya tana ajiyewa a gefe, ba ta ce na wane ne ba.

Koyarwar kuwa Obadiya ya ɗauke ta yadda ya ɗauki girki: lokaci ɗaya kullum, kaɗan-kaɗan. Kalma uku ya fara da su. Zauna. Kawo. Bari. Yakan riƙe kwanon abinci a sama har sai gindin kare ya taɓa ƙasa, sannan ya sauke. Daga baya ya riƙa cewa zauna, ya juya baya ya tafi har ƙarshen gonar cittarsa, ya dawo ya tarar da shi inda ya bar shi, jiki na rawa amma bai motsa ba. Ya cusa gashin zabo a tsohuwar safa ya ɗaure bakin, ya riƙa jefawa cikin ciyawa. Wannan kam bai sha wahalar koyarwa ba, a jinin karen yake. Ya jefa a rafi, Tawada ya faɗa ruwa kamar an kira shi gida. In ya kawo, Obadiya ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ya karɓa, ya shafa masa ƙirji ya ce, “Madalla, ɗana.” Afiniki ta ji wannan kalmar sau ɗaya daga ɗakin girki. Ta daina tuƙin tuwo na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Kafin kaka Tawada ya fi kowane kare a ƙauyen girma, kuma bai taɓa yi wa kowa haushi ba. Mai tallan gishiri da mai zuwa aron gatari duk wutsiya yake kaɗa musu. Wata rana ya ɗauko ɗan tsakon maƙwabta a baki ya kawo wa Obadiya, ɗan tsakon ya sauka ya girgije ya koma wajen uwarsa. Aka yi dariya kwana biyu.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Meshak, yayan Obadiya uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya zauna a gida duk shekarun nan, ya noma gonar ubansu, ya binne shi. Shi ne kuma sarkin farautar ƙauyen, ko da yake dattijon ikilisiya ne. Ya zo da yamma ya zauna a kan turmi yana kallon karen yana cin tuwo.

“Ƙanena, wannan baƙon naka me yake yi? Ba ya gadi, ba ya kamu. Abincin mutum biyu yake ci.”

Obadiya ya shiga ɗaki ya fito da ɗanyen ƙwai. Ya ajiye shi can bakin rumbu, ya dawo ya ce, “Tawada, kawo.” Karen ya je ya ɗauko a hankali, ya sa masa a tafin hannu. Ko tsagewa bai yi ba.

Meshak ya juya ƙwan a hannunsa. “To, in ƙwai ya gudu daji sai mu kira ka.”

Maganar ta zauna wa Obadiya a ciki. Tun dawowarsa yake jin ana ce masa Bature a bayan ido, mai tafasa ruwan sha, mai wanke kare da sabulu. Ya ƙudura a ransa ranar farauta za su ga aikin Tawada.

Farautar ƙauyen sau uku ake yi a rani, bayan an gama haƙar citta an shanya. A busa ƙaho da safe, maza na Unguwar Rafi da na Unguwar Dutse su kewaye daji, a sa wuta ta gefe guda, namun su fito ta gefen da ake jira. Kowane maharbi yana da alama a kyauron kibiyarsa, wani zare ja, wani tsaga biyu. Naman na wanda kibiyarsa ke jiki ne, kuma ba mai ɗaga shi daga inda ya faɗi sai shi. Karnukan ƙauye sun san wannan da duka: su kori nama, su tsaya a kansa suna haushi, ba sa ɗauka. Karen da ya ɗauke naman wani, a yafe masa sau ɗaya. Na biyu, a kashe shi a gindin ɗorawar da ake rabo. Dokar ba don ƙin kare aka kafa ta ba. A zamanin kakanni an yi gardama kan gada guda tsakanin unguwannin biyu, kowa da kibiya mai dafi a hannu, aka kwashe gawa huɗu. Tun daga nan dattawa suka ce in nama ya bar wurinsa, a ɗora wa kare laifin, kada a ɗora wa mutum.

Obadiya ya san dokar tun yana yaro. Abin da bai yi ba shi ne ya haɗa ta da abin da ya kwashe wata goma yana koyarwa a bayan gidansa.

A farautar farko ta 1974 ya fita da sanda da karensa. Wuta ta tashi, zomo ya fito, kibiyar Meshak ta same shi a cinya, ya yi tsalle biyu ya faɗi cikin ƙaya. Kafin Meshak ya taka uku, baƙin abu ya wuce shi. Tawada ya kutsa ƙayar, ya fito da zomon a baki, ya ratsa layin maharba kai a sama, ya tsaya gaban Obadiya. Obadiya kuwa, saboda sabo, ya durƙusa ya karɓa ya ce madalla. Sai da ya ɗago ya ga jan zaren da ke jikin kibiyar, ya kuma ji yadda dajin ya yi tsit.

Meshak ya zo ya karɓi zomonsa. Bai ɗaga murya ba.

“Allah ya taimake ka nawa ne. Wannan ɗaya ke nan, kowa ya gani. Ka ɗaure shi har a gama farauta.”

A gida Afiniki ta ce ya kai karen wajen ƙanwarta Paulina a Kafanchan, ya zauna can wata biyu har ruwa ya sauka. Motar katako tana zuwa ranar kasuwa.

“A gidan haya? Su ɗaure shi a rana, yara su jefe shi? Wa zai cire masa kaska?”

“Gara kaska, Baban Rufus.”

“Ni na koya masa. Ni zan cire masa halin nan.”

Mako uku ne tsakanin farauta da farauta. Obadiya ya ninke takardar Mis Mildred ya sa a cikin Littafi Mai Tsarki, ya yanko tsumagiya. Ya jefa safar nan mai gashin zabo, Tawada ya ruga ya kawo, ya zabga masa. Karen ya saki safar ya ja da baya yana kallonsa. Ya sake jefawa. Karen ya sake kawowa, wannan karon a hankali, wutsiya a ƙasa. Obadiya ya sake zabga masa. Kullum da yamma haka, a wurin da dā ake shafa masa ƙirji. Obadiya yakan gama ya zauna a kan dutse, ya kasa cin tuwo. A mako na biyu Tawada ya daina rugawa. Yakan kalli safar, ya kalli maigidansa, ya yi ɗan kuka, sannan ya ja ciki ya ɗauko, ya kawo ta yana runtse ido tun kafin tsumagiyar ta sauka. A mako na uku ya bar safar inda ta faɗi har sau biyu. Obadiya ya ce wa matarsa an kusa. Duk da haka ranar farauta ta biyu bai fita ba. Ya ɗaure karen da igiyar rama a ginshiƙin rumfar da ke jikin ɗakin girki, ya zauna yana tsince citta.

Da rana ta take, iska ta juya. Wutar farauta ta biyo gangaren da ke bayan gidajen Unguwar Rafi, inda gidan Obadiya yake, tartsatsi ya fara sauka a kan jinka. Obadiya ya hau ɗakin girki da ɗanyen reshe yana bugun inda ya kama. Rumfar ta fara hayaƙi, karen yana ja yana shaƙe kansa. Afiniki ta ɗauki wuƙar yankan citta ta tsinke igiyar, ta koma ɗibar ruwa. Suka kashe wutar. Da Obadiya ya sauko, hannuwansa sun yi bororo, ya tambayi inda Tawada yake.

Ba su daɗe suna kira ba. Ya fito daga cikin hayaƙi ta gefen gona, guntun igiya na jan ƙasa a wuyansa, babban zomo a bakinsa. Da ya hango Obadiya sai ya kwanta ya fara jan ciki. Haka ya ratsa tsakar gida, ido a runtse, har ya iso ƙafarsa. Kibiyar da ke haƙarƙarin zomon tsaga biyu ce a jikinta, alamar Jonathan na Unguwar Dutse. Obadiya ya ɓoye hannuwansa a baya. Karen ya jira, ya jira, sannan ya ajiye zomon a kan ƙafarsa.

A haka Jonathan ya same su, da samarin unguwarsu bakwai a bayansa, suna haki, kibau a kan tsarkiya. Ta ɗaya gefen 'ya'yan Meshak uku suka shigo da nasu bakan, suka tsaya bayan baffansu. Meshak ya iso a ƙarshe.

“Sarkin farauta, ka gani da idonka,” in ji Jonathan. “Ran nan naka ne, ka ce an yafe. Yau fa? Ko dokar ba ta shiga gidan Bature?”

“Jonathan, ga namanka, ko haƙori bai taɓa shi ba,” in ji Obadiya. “Ka ɗauka. Ka haɗa da akuyata.”

“Akuya ce na harba? An ɗaga namana daga inda ya faɗi. Wani ya ɗaga.”

Obadiya ya juya wajen yayansa. “Yaya, karen nan bai san sata ba. Ni na koya masa, da hannuna, wata goma. In ɓarawo ake nema, ga ni.”

Wani saurayi a bayan Jonathan ya ce, “Kun ji da bakinsa.” Aka ji ƙarar tsarkiya ana ja. Babban ɗan Meshak ma ya ja tasa.

Meshak ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar ƙanensa, ya yi magana da yarensu, ƙasa-ƙasa. “Ban ji abin da ka ce ba. Kada ka maimaita. Dubi yaran nan, nawa da nasu. Kai ka san yadda gida yake in yaro bai dawo ba.” Sannan ya ɗaga murya da Hausa don kowa ya ji: “Kare ne ya ɗauka. Mu je gindin ɗorawa.”

Obadiya ya dubi samarin. Mafi yawansu ba su kai shekarun Rufus ba lokacin da ya shiga jirgi da kakin soja. Ya sunkuya ya kama guntun igiyar. Afiniki ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Waɗanda suka taɓa ganin irin wannan hukunci sun san yadda yake ƙarewa. Kare yakan ji a jikinsa, ya fizge, a bi shi da mashi da duwatsu, abin ya ɗauki lokaci. Samarin har sun fara kewaye ɗorawar suna gyara sanduna. Obadiya ya ce su ja baya, ba a bukata. Ya kwance igiyar daga wuyan karen. Ya durƙusa, ya shafa masa ƙirji da hannun nan mai bororo, abin da ya yi mako uku bai yi ba. Wutsiyar Tawada ta fara bugun ƙasa.

“Zauna,” in ji Obadiya.

Ya zauna. Obadiya ya miƙe ya juya baya ya kama hanya, yadda yake yi in zai je ƙarshen gona ya dawo. Karen ya bi shi da ido, kunnuwa a ɗage, bai motsa ba, bai kuma waiwayi Meshak da ke tsaye a bayansa da taɓarya ba. Meshak bai bar wa kowa aikin ba. Bugu ɗaya ya yi.

A al'ada maharba ne ke raba naman karen da aka hukunta, mai shi ba ya samun komai sai igiya. Washegari Meshak ya kawo guntun igiyar da aka bari a gindin ɗorawa, ya rataye a danga, ya tsaya kaɗan. Ba wanda ya fito. An ce Meshak bai ci rabonsa ba.

Obadiya ya ƙara shekara huɗu a duniya. Ya noma cittarsa, ya riƙa gasa burodi ranar Kirsimati ana rabawa a ikilisiya. Shi da Meshak benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, suna gaisawa, ba su taɓa tayar da maganar ba. Bai zargi Afiniki da tsinke igiya ba, ita ma ba ta taɓa tuna masa zancen Paulina ba. Kwanon langa ya koma na ruwan kaji. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo masa ɗan kwikwiyo kyauta, ya yi godiya ya ce a mayar. In an busa ƙahon farauta yakan ɗauki fartanya ya tafi gonarsa ta can bayan rafi, ko da yake rani ne, babu abin nomawa.

Ya rasu a daminar 1978, bayan zazzaɓin kwana shida. Da Afiniki ta buɗe akwatinsa na ƙarfe tana neman rigar da za a sa masa, ta tarar da takardar wayar da ta zo daga barikin soja, da safar nan mai gashin zabo, an naɗe su a tsumma ɗaya. Ta daɗe zaune da su a cinya. Mata na jira a waje da ruwan wanka. Ta mayar da su yadda ta same su, ta ɗauki rigar, ta rufe akwatin.